Abin da aka tsayar a zaman Wuse kan musayar bayanai tsakanin manhajoji biyu

Masu rubuta manhajar kwamfuta da suka zauna a Wuse, Abuja, sun fi karkata ga bututu mai suna (named pipe) a Windows, da soket na Unix a Linux, waɗanda hanyoyi ne da manhaja ke aika wa wata saƙo. Gargaɗinsu shi ne soket irin SOCK_STREAM, mai aika bayanai a jere, ba ya riƙe iyakar saƙo. Ka sa bayit 4 a gaban kowane saƙo masu faɗin tsawonsa, ka ci gaba da karantawa har ya cika, in ba haka ba rabin saƙo zai iso ka ɗauka duka ne.

Ma'adanar haɗin gwiwa (shared memory), wato wurin ajiya ɗaya da manhajojin biyu ke amfani da shi tare, ta CreateFileMapping a Windows ko shm_open a Linux, ta fi sauri, amma nan aka fi ƙonewa. Kada ka ajiye adireshin ma'adana a ciki, don kowace manhaja tana iya ganin wurin a adireshi daban. Ajiye nisa daga farkon wurin. Makulli (mutex), mai hana manhajoji biyu taɓa wurin a lokaci guda, kuma dole ne. In manhajar da ke riƙe da shi ta mutu, Windows kan dawo da alamar WAIT_ABANDONED, to ka binciki bayanan kafin ka yarda da su.

In an ɗauke wuta kuwa, fayil ɗin soket na iya zama a faifai ya hana bind, wato umarnin ɗaura soket ga sunan fayil ɗin. Goge shi tukuna.