Neman kalma kafin Asabar: me za mu kira ƙananan jiragen yaƙin nan da Hausa?

Mai Shirin Asabar:
Assalamu alaikum jama'a. Agaji nake nema kuma lokaci ya ƙure mini. Ranar Asabar da safe ina da baƙo a shirina na rediyo a nan Jos, wani bawan Allah daga Bukuru mai harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. Ba irin na yara da ake sayarwa a kasuwar Terminus ba. Kwali ne ke zuwa daga waje cike da gutsattsarin roba, shi zai yanka, ya goge, ya manna da gam, ya yi fenti, har jirgi ya fito sak na gaske, sai dai an rage girmansa da lissafi. Masu abin suna ce masa sikel model. Ranar Alhamis da yamma zan miƙa rubutun shirin.

Kalma biyu nake so. Ta farko sunan abin kansa. Ta biyu sunan jiragen da ya fi ƙwarewa a kansu, wato waɗanda suka faɗa hannun abokan gaba, aka sake musu fenti da tambari, aka ci gaba da tashi da su. Ba zai yiwu in riƙa jero wannan dogon bayani duk lokacin da na buɗe baki ba.

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Anti. Samfuri mana. Samfurin jirgi.

Tafinta:
Samfuri ba zai yi ba, Hajiya. 'Yan labarai sun riga sun kama kalmar. Kullum ana cewa jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet, mota samfurin kaza. Idan kika ce baƙonki yana da samfurin MiG-21 a ɗakinsa, mai sauraro zai ji kamar nau'in jirgin kike faɗa. Ni da kwatankwacin jirgi zan yi aiki. Na biyun kuma jirgin ganima.

Ɗan Gangare:
To jirgin wasa fa? Ai mun yi motar kara da ta langa-langa muna yara, wannan ci gabansu ne.

Mai Jirage:
Salamu alaikum. Ni ne baƙon, Hajiya ce ta jawo ni nan. Ɗan'uwa, don Allah a cire wasa daga ciki, wannan kalmar ita ta hana mutane su ɗauki aikin da muhimmanci. Mai motar kara da ido yake aunawa, ni da ma'auni nake yi. Idan an rubuta 1/72 a kwali, ana nufin inci ɗaya a hannuna ƙafa shida ne a jikin jirgin gaske. MiG-17 tsawonsa ya ɗan haura mita 11, a wannan awon bai cika taƙi ɗaya ba, amma kowace ƙusa da kowace ƙofa tana inda take. Akwai 1/48 da 1/32 ga mai son babba. Duk kalmar da za ku ba mu, ta zo da awo a cikinta.

Kuma bari in faɗi abin da ya sa na bi ta kan jiragen da aka kama, ko zai taimaka wajen suna. A watan Yunin 1942 wani matuƙin Jamus, Armin Faber, ya rikice bayan artabu a sama, ya sauka da jirginsa Fw 190 lafiyayye a sansanin Pembrey na Birtaniya yana zaton Faransa ce. Turawan Ingila suka shafe gicciyen Jamus, suka sa tambarinsu, suka tashi da shi don su gane sirrinsa. A wannan watan dai wani jirgin Zero na Japan ya kife a fadama a tsibirin Akutan na Alaska, matuƙin ya mutu, Amurkawa suka tsinci jirgin bayan wata guda, suka gyara, suka tashi da shi a San Diego da tauraronsu a fiffike. Jamusawa ma sun yi haka da jiragen Amurka da na Ingila, suna shafa musu ruwan ɗorawa a ciki da wutsiya don kada masu harbo jirgi na ɓangarensu su kakkaɓo su.

Idan zan yi irin wannan, sai na fara yin fentin mai shi na asali har da tambarinsa, in bari ya bushe, wanda a sanyin Jos yakan ɗauki lokaci. Sannan in fesa na sabon mai shi sama-sama, yadda in ka karkata fiffiken wajen taga za ka hango inuwar tsohon tambarin a ƙarƙashi. Sai in tsoma sabon tambarin a ruwan ɗumi, in zame shi daga takardarsa da bakin buroshi, in danne da auduga. Jirgi ɗaya, tarihin ƙasa biyu. Wannan nake so mutane su ji ranar Asabar.

Malam Mai Nahawu:
Na karanta duka. Kwatankwaci ya yi sako-sako, domin abin da ya yi kusa da abu ma kwatankwacinsa ne, ko da ba a auna ba. Hausa ba ta gaza ba, mu ne muke kasala. Ga kalma: ƘANƘANTAU. Daga ƙanƙanta, a ɗora ɗafa-ƙeyar -au, kamar yadda magabata suka ƙera aikatau da bayanau da nunau. Ƙanƙantau na jirgi, ƙanƙantau na mota, ƙanƙantau na gida. Kalma ɗaya tak, ta wadatar. Mai yin sa kuma maƙanƙanci.

Tafinta:
Allah ya gafarta Malam, aikatau da bayanau a aji suke zaune, ba su taɓa fita kasuwa ba. A bakin mutane -au ɗabi'ar mutum take nunawa: mantau, makarau, gagarau. Wanda ya ji ƙanƙantau zai ɗauka mai ƙanƙanta mutane ake nufi. Maƙanƙanci kuwa ba na jin baƙon zai yarda a kira shi da shi a rediyo. Sannan ina awon da ya roƙa?

Mai Jirage:
Gaskiya Malam, da girmamawa, ba zan amsa wannan sunan ba.

Injiniya:
Ni ban ga abin wahala ba. Kwafi. Kowa ya san kwafi. A gidan tarihi na Jos akwai ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina irin na asali, duk wanda ya kai yara can kwafi yake ce musu. A ce ƙaramin kwafin jirgi, ko kwafin jirgi na awo, magana ta ƙare.

Malam Mai Nahawu:
Wato mu gudu daga kalmar Turanci mu faɗa wata kalmar Turanci. Wannan ita ce cutar Hausar Jos, rabi Hausa rabi Ingausa, kuma in an yi gyara a ce mutum ya cika tsanani. Waɗanda suka ce tauraron ɗan'adam da jirgi mai saukar ungulu da jirgi mara matuƙi, da sun yi irin wannan lalaci da yau ba mu da ko ɗaya. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta. A faɗi ƙanƙantau a rediyo sau goma a ga in ba ta zauna ba.

Ɗan Gangare:
Malam a nan kam ban yarda ba. Me Hausar Jos ta yi? Hausar da Birom da Ngas da Afizere da Bahaushe da Bafulatani suke ciniki da ita a Farin Gada, ake wa'azi da ita a masallaci, ake karatu da ita a coci, ita ce mai cuta? Masu sauraron Anti su ne waɗannan mutanen, ba 'yan ajin nahawu ba. Kuma mota da teburin makarantar bokon da Malam ya koyar a ciki, tebur ɗin da motar daga ina suka zo?

Malam Mai Nahawu:
Yaro, shekara nawa ka yi kana nazarin harshen nan? Ni ma a garin nan aka yanke mini cibiya, ina da ikon faɗin aibinsa. Aron da aka yi don babu daban yake da aron da ake yi don ƙyuya.

Ɗan Gangare:
Ban yi nazari ba Malam, amma da shi na tashi, kuma ban zagi kowa ba.

Mai Shirin Asabar:
Don girman Allah a yi haƙuri. Malam, a gafarce shi. Ƙanena, ya isa. Gobe Alhamis, ban samu ko kalma ɗaya ba tukuna. A taimaka a koma kan ta biyu, jirgin ganima ya yi?

Ustaz:
Hajiya, ganima tana da iyaka a fiƙihu, ita ce abin da aka karɓe da yaƙi. Abin da ya zo hannu ba tare da faɗa ba sunansa fai'i, kuma ba na ba ki shawarar kai wannan rediyo, ba kowa ya san shi ba. Wanda ya sauka bisa kuskure a filin abokan gaba, ban ga yadda za a kira jirginsa ganima kai tsaye ba. Bayan haka kalmar ta ɗan lalace a bakin mutane, yanzu in an ce kwasar ganima, wawason shaguna da rumbuna ake tunawa.

Mai Jirage:
Ustaz ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin jiragen da ke kan kantata ba hanya ɗaya suka bi ba. A watan Agustan 1966 Munir Redfa, matuƙin sojan Iraƙi, ya gudu da MiG-21 ya kai wa Isra'ila da kansa. Suka sa masa tambarinsu da lamba 007, daga baya suka ba Amurka aro ta gwada shi a hamadar Nevada. Wannan ba a kama shi ba, kawo shi aka yi. Na Viktor Belenko kuma, matuƙin Sobiyet da shi ma ya gudu, MiG-25 da ya sauka a Hakodate ta Japan ranar 6 ga Satumban 1976, warware shi aka yi aka leƙa cikinsa, aka mayar wa Tarayyar Sobiyet a cikin akwatuna. Ba a jima ba kamfanin Hasegawa ya fitar da kwalinsa a awon 1/72.

Ganima ta gaskiya tana nan maƙwabta. A watan Maris na 1987 sojojin Chadi suka ƙwace sansanin Wadi Dum daga hannun Libiya da jirage a ajiye. A cikinsu akwai jirgi mai saukar ungulu Mi-25, wanda Amurkawa suka zo a 1988 suka rataya a ƙarƙashin babban jirginsu mai saukar ungulu Chinook suka fita da shi cikin dare. Shi nake haɗawa yanzu, fentin rairayinsa ne ya tsaya mini.

Tafinta:
To ai ga shi nan. Na Redfa da Belenko jiragen sauya sheƙa ne, kowa ya san kalmar daga siyasa. Na Wadi Dum ganima. Sunan da zai rufe duka kuma kamammen jirgi, jam'i kamammun jirage. Bai cika daidai da wanda aka kawo da kai ba, amma kunne zai karɓa.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, sannunku. Na yi aikin gyaran jirgi a Makurdi lokacin muna da MiG-21. Abu ɗaya zan roƙa. In za ku yi maganar jiragen da baƙi suka tuƙa, ba sai kun je Turai ba. A yaƙin basasa MiG-17 ta Kano suka shigo a 1967, ƙirar Rasha, tambarin kore-fari-kore, matuƙan farko Misirawa. Ɗaya ɓangaren kuma, wato Biyafara, a 1969 wani ɗan Suwidin, von Rosen, ya zo da ƙananan jirage MFI-9 aka ɗaura musu rokoki. Wasu daga jiragen yaƙin nan suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Waɗannan ba kamammu ba ne, a ce jirage masu baƙin matuƙa, kuma a bambanta wanda gwamnatinsa ta turo da sojan haya. Amma 'yata, in kin zo nan a shirin ki sassauta murya. Akwai masu sauraronki a garin nan da jiragen nan suka yi wa ɓarna, ta kowane ɓangare. Shi ya sa nake bayan mai jirage, kada kalmar wasa ta fito ko sau ɗaya.

Mai Jirage:
Na gode Baba. MiG-17 mai kore-fari-kore yana cikin waɗanda zan kawo situdiyo. Tambarin da hannu na zana shi, domin kwalin da na samu na Rasha ne kawai a ciki.

Mai Shirin Asabar:
Allah ya saka da alheri, Baba, na ji kuma zan kiyaye. Ga abin da na rubuta. A farkon shiri zan ce kwafin jirgi na awo, in bar baƙo ya yi bayanin awon, daga nan in ci gaba da cewa kwafi. Kamammun jirage ga duka, ganima ga na Chadi kaɗai, sauya sheƙa ga na Iraƙi da na Sobiyet da ya sauka a Japan. Malam, na san ba haka ka so ba. A ƙarshen shiri zan faɗa wa masu sauraro cewa wani malaminmu ya kawo ƙanƙantau, su turo ra'ayinsu ta saƙo.

Malam Mai Nahawu:
Kamamme Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Sauya sheƙa ma ta yi. Kwafi kam ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba, shirinki ne. In za ki ambaci tawa, ki furta ƙ ɗin da kyau duka biyun, kuma kada ki bar ta sai ana kiɗan rufewa.

Injiniya:
Saura 1/72. Ɗaya bisa saba'in da biyu za ki ce?

Tafinta:
Kashi ɗaya cikin saba'in da biyu. Bisa ta 'yan lissafi ce.

Malam Mai Nahawu:
Bisa daidai ce, da ita aka koyar da mu.

Mai Shirin Asabar:
Wannan na bar wa baƙo, ya faɗi inci ɗaya ƙafa shida kamar yadda ya faɗa mana nan. Na tafi buga rubutu.