Idan ɗan shamuwa ya faɗo daga sheƙa

Shawarar da aka fi nanatawa ga wanda ya tsinci ɗan shamuwa a ƙasa ita ce a fara ɗaga kai a nemo sheƙarsa. In hannu zai kai, a mayar da shi; uwar ba ta ƙinsa don mutum ya taɓa shi, duk da camfin da ake yi. In ya ji rauni, a sa shi cikin kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma, a ajiye a inuwa nesa da kyanwa da yara masu danƙo. Abin da ya fi damuna shi ne ɗura masa ruwa ko madara, domin yakan shaƙe har ya mutu. Fara da ƙwari ne cimarsa. Karayar fiffike kuwa, sai likitan dabbobi.