Godiyar kaka ta ƙarato, rumbu wayam: me zan ce wa mutanena?

Tela Ɗan Adar, Tawa

Salama a gare ku ƴan'uwa. Ni ba fasto ba ne, tela ne, kekena yana bakin kasuwar Tawa. Fastonmu majami'u uku yake zagayawa, sau ɗaya yake zo mana a wata, sauran Lahadin ni da wani dattijo muke riƙe da sujada. Mu 34 ne har da yara, ɗaki guda mai rufin kwano da benci shida.

Nan da mako biyu za mu yi godiyar kaka, kuma ni aka ɗora wa wa'azi. Bara dami 19 na hatsi aka jibge gaban bagade, ga wake, ga kuɓewa busasshiya, har da zabi biyu, muka yi gwanjo ana ta dariya. Bana ruwa ya yi yawa, ya kwanta a gonakin da ke kwari, ɗakunan gida uku na mutanenmu sun zube. Maza biyar sun tafi biɗa, wasu Abijan wasu Libiya, ɗaya tun Ista ba a ji muryarsa ba. Baikon Lahadin da ta wuce jaka huɗu ne da dala talatin.

A Lahadin nan na tambaya wa ke da shaida, aka yi tsit. Don in cike shirun sai na ce kowa ya koma gida ya ƙirga albarkunsa. Da aka tashi, wata gwauruwa da ke riƙon jikoki uku ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Dattijo, na ƙirga, tiya biyu ce." Da murmushi ta faɗa, amma ni daren nan ban runtsa ba. Yaya mutum zai kira masu yunwa su yi godiya ba tare da ya zama kamar ba'a yake musu ba? Ko in nemi a ɗaga bikin bana?

Maman Rifkatu, Bukoki, Yamai

Baba Dattijo, sannu da hidima. Kada ka ɗaga. Wadda ta san tiya biyu gare ta, ita ce ta san darajar tiya, ba mu da muke awo a kasuwar Katako ba.

Mu a zumuntar mata ga abin da muke yi tun lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shinkafa ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, wuta kuma ta zama sai an gan ta. Duk wadda za ta ɗora tukunya, sai ta fara ɗiban tafi guda ta zuba a gwangwani. Ranar Alhamis kowa ta zo da nata a ƙunshe cikin zane, a juye a buhu ɗaya, ba a kallon na wa ya fi. Mu biyu kaɗai muka san gidan da za a kai, kuma bayan magariba muke kaiwa, don talauci ba ya kashe kunya.

Ba ƴan ikilisiya kaɗai muke kai wa ba. A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Yamai da Damagaram, wata maƙwabciyata musulma ce ta shigar da ni da ƴaƴana ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta har ƙura ta lafa. Yanzu ta tsufa, idonta ya tafi. Kana ganin zan wuce gidanta da buhun?

Ɗalibi daga Harobanda

Baba, ka yi mini gafara in na yi kaushin baki. Abin da ya kore yawancin tsararrakina daga sujada shi ne jin ana kiran wahala albarka. Yunwa yunwa ce. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta faɗa a fili cewa sallamar mai yunwa da fatan alheri ba tare da ba shi abin kaiwa baki ba aikin banza ne. Ga kuma masu wa'azin WhatsApp da ke cewa ka shuka iri na jaka goma ka girbe mota, talaka ya ci bashi ya aika, in bai samu ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza.

Tambayata: kuɗin gwanjon ina suke zuwa? In gwauruwar nan ta kawo rabin tiya, aka sayar, aka sayi fenti da kuɗin, to wa ya ci moriyar godiyarta? Bana ku bar gwanjo, abin da aka kawo a raba wa gidajen da ɗakunansu suka faɗi.

Tsohon mai bishara, Galmi

Ɗana na Harobanda, maganarka da gaskiya a ciki, sai dai ka tuna fasto mai zagaya majami'u uku shi ma da ciki gare shi, kuma a ƙananan ikilisiyoyi daga wannan gwanjon ake ba shi hatsin shekara. Kada a gyara ɗaki a rushe zaure.

Ƙanena tela, na yi godiyar kaka a 1984, shekarar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari, ga fari ga iyakar Najeriya a rufe. Ina saurayi lokacin, an tura ni wani ƙauye wajen Madawa. Abin da aka ajiye gaban bagade ranar bai cika ƙwarya biyu ba, wata tsohuwa ma ganyen tafasa ta kawo. Na shirya dogon wa'azi a kan haƙuri, da na dubi fuskokin mutane sai na ninke takardar. Na karanta labarin gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, na tsaya a abu guda wanda har yau nake taunawa: ba a taɓa cewa tukunyar garin ta cika ba. Cewa aka yi bai ƙare ba. Kullum matar nan ƙasan tukunya take kankara, kullum kuma ta sami na ranar. Mu masu wa'azi mun fi son cikar tukunya, shi ya sa in muka ce albarka, mai tiya biyu sai ta ga ba da ita ake ba.

Sannan ka bar mutane su yi kuka kafin su yi godiya. Habakuk a ƙarshen sura 3 sai da ya lissafa ɓauren da bai yi toho ba, da gonar da ba ta ba da abinci ba, da garken da ya ƙare, kafin ya ambaci murna. Zabura cike take da ƙorafi, Allah bai share shi daga littafinsa ba. Ka fara da kiran sunan gidajen da suka zube, da sunan yaron da ba a ji muryarsa ba, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar shaida kuma ka sauya ta. Kada ka ce me Allah ya ba ka, mai kunya zai duƙar da kai. Ka ce, a damanar nan hannun wa ya kai maka abinci, ɗakin wa ka kwana da naka ya faɗi? Za ka ga hannaye sun tashi, za ka kuma ji sunayen da ba ka zata ba, har na waɗanda ba su taɓa taka majami'arku ba.

Tela Ɗan Adar, Tawa

Na gode muku duka. Jiya da dare na je gidan gwauruwar, na ba ta haƙuri kan maganata. Ashe tiya biyun ma ba nata noman ba ne, matar yaron nan da ke Libiya ce ta kawo mata, ita da ba ta san ko mijinta na raye ba. Shekara shida ina tsaye gaban mutanen nan ban san haka suke yi a tsakaninsu ba.

Na kira fasto, mun yarda kashi ɗaya na abin da aka kawo nasa ne, kashi biyu na gidajen uku, fenti ya jira baɗi. Ɗana ɗalibi, ba duka ka samu ba, amma ka samu.

Maman Rifkatu, matata na son fara gwangwanin nan ranar Alhamis. A gidan wa kuke ajiye buhun, kuma yaya kuke yi in wata ta kawo dawa wata ta kawo hatsi, haɗawa kuke ko kowanne da buhunsa?