Gasa ko gogayya: wane suna za mu ba dokar nan?

1/ 'Yan uwa masu fassara labarai a Yamai, mu tsayar da magana guda kan abin da Faransanci ke ce wa droit de la concurrence. Da yawanmu "dokar gasa" muke cewa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Mai saurare in ya ji gasa, hankalinsa na tafiya ga kokowar takobi: a yi kaye, a ba mutum ɗaya kyauta, a watse. Dokar nan kuwa so take kada wasan ya ƙare a hannun mutum ɗaya.

2/ "Dokar takara" ma ba za ta yi ba, don takara ta 'yan siyasa ce. Wani abokin aiki ya kawo "dokar hana ɓoye kaya". Malam, ɓoye kaya reshe ne kawai. Ƙa'idar 2002 ta UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin CFA) haɗa baki tsakanin kamfanoni ta hana, da babakeren babba a kan ƙanana.

3/ Ni dai na zaɓi "dokar gogayyar kasuwa". Gogayya ba ta da ranar rufewa, kullum kafaɗa da kafaɗa ne, kamar masu shinkafa a kasuwar Katako.

4/ Inda aikin yake shi ne lokacin ƙunci. Bayan takunkumin da CEDEAO (ECOWAS) ta sa wa Nijar a 2023, da kan iyakar Benin ya rufe, shinkafa ta yi tsada, kowa na cewa 'yan kasuwa sun haɗa baki. Wata tsadar ta hanya ce, tunda kaya sai sun zagayo daga Lome ta Burkina Faso. Wata kuwa, Allah ne masani, kuma ita ce dokar ke bincike. Idan muka kira duka "haɗa baki" a rediyo, mun yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba.

5/ Ga kuma wani haɗin da hukuma da kanta ke halattawa na ɗan lokaci. A 2020, lokacin korona, Ingila ta bar manyan kantuna su yi musayar bayanin kaya da motocin dako don kada abinci ya yanke. A shekarar kuma Afirka ta Kudu ta ci tarar kamfanin sayar da magunguna Dis-Chem kan tsauwala kuɗin takunkumin fuska. To irin na Ingila mu ce "haɗa hannu da izini", "haɗa baki" mu bar wa yanke farashi a asirce.

6/ Saura guda: "babakere" da "kane-kane", wacce aka fi ji a Tawa? Mutanen Adar, ku faɗa mana kafin labaran yamma.