Wane gidan gajarta liƙau ne ba ya cin amana?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da fom na rajistar ɗalibai, amma adireshinsa na intanet, wato liƙau, ya kusa layi uku, haruffa da lambobi birjik. So nake in gajarta shi in sa a takardar talla da za mu buga. Bitly ko TinyURL, ko akwai wanda ya fi su?

Injiniya: Wa alaikumus salam. TinyURL. Tun 2002 yake aiki, tsohon hannu ne.

Autan Zaure: Bitly dai Yaya. Sai dai na kyauta sun ƙayyade adadin da za ki yi a wata.

Baban Walid: Hajiya, tsaya tukuna. Kin ce bugawa za ku yi a takarda? To nan gizo ke saƙa. Ni na ci tawa. Shekarun baya mun buga ɗan littafin koyarwa, a bayan bangon muka sa gajeren liƙau da lambar QR, ɗalibi ya haska da waya ya sauke darussan murya. Wani ƙaramin gida muka zaɓa, ba zan kama suna ba, don kawai ya bar mu mun rubuta kalmar da muke so a ƙarshen adireshin. Shekara ɗaya komai lafiya. Ran nan da dare sai ga kiran uban wani yaro, ko sallamar kirki babu, wai me muke koya wa 'ya'yan mutane. Na ɗauko littafin na haska da wayata, sai ga ni a shafin caca. Ashe gidan ya rufe, wa'adin sunan shafinsu ya ƙare, wasu suka saye. Kwana biyu muka yi ni da yara muna manna farar takarda a kan kowane kwafi da ya rage a kwali. Waɗanda suka riga suka shiga hannun jama'a kuwa, sai haƙuri.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, gajeren liƙau ba ya ɗauke da adireshinki a cikinsa. Lamba ce kawai a rajistarsu. In an latsa, sai an fara zuwa ƙofarsu, su duba, su tura mutum wurinki. Ranar da suka rufe ƙofa, shi ke nan.

Autan Zaure: Innalillahi. Caca kuma Baba? 😂 Yi haƙuri, dariyar ce ta ƙwace min.

Baban Walid: Yi abarka ɗana, ranar ban yi ba.

Injiniya: Kuma ba ƙananan gidaje kaɗai ba. Google da kansa ya buɗe nasa gidan gajartawar, goo.gl, a 2009, ya daina karɓar sababbi a 2019, a 2024 ya ce zai kashe tsofaffin a Agustan 2025. Da aka yi ca a kansa ne ya sassauta, ya bar waɗanda ake latsawa, ya kashe waɗanda suka yi shiru.

Malamar Lissafi: Ni fa duk wanda ya turo min gajeren liƙau ba na buɗewa, ko ƙanina ne. Da shi 'yan damfara ke ɓoye inda za su kai mutum.

Injiniya: Malama, in na Bitly ne, ƙara alamar + a ƙarshensa, zai nuna miki inda ya nufa kafin ki shiga.

Sarkin Musu: Wai tukuna, wa ya ce “liƙau”? Mahaɗi ake cewa.

Autan Zaure: Mahaɗi ai na miya ne, ranka ya daɗe.

Sarkin Musu: Kai yaro ne. Ni dama ban ga amfanin gajartawar ba yanzu. Da can don Twitter ake yi, lokacin da saƙo ba ya wuce haruffa 140. Yau kome tsawon adireshi, haruffa 23 yake lissafa maka, ya naɗe shi a nasa gajeren liƙau na t.co.

Malamar Lissafi: A takarda aka ce, Malam. Wa zai zauna kwafar layi uku da yatsa?

Injiniya: Wani abin da ba a lura da shi ba, wannan “ly” ɗin da ke ƙarshen bit.ly, adireshin Bitly, na ƙasar Libiya ne. A 2010 hukumar da ke kula da shi can ta ƙwace wani gidan gajarta liƙau mai suna vb.ly, ta ce ya saɓa ƙa'idarsu.

Baban Walid: Shi ya sa yanzu na sayi sunan shafi nawa, gajere, na ɗora masa YOURLS, manhaja ce ta kyauta. Ko fom ya canja, in shiga in sauya inda liƙau ke kaiwa, takarda na nan yadda take. Sharaɗi ɗaya, kada ka manta da sabunta sunan duk shekara, in ba haka ba kai ma masu caca na jiranka.

Maman Biyu: Baba na gode, amma ni rajistar sati uku ce fa, ba littafi ba. Duk sai na yi wannan?

Injiniya: A'a. Sati uku, TinyURL ya wadatar. Ki dai gwada shi a wayoyi biyu kafin a kai wa mai bugu.

Sarkin Musu: Har yanzu ba wanda ya ba ni hujja a kan liƙau.