Layin duhu a ƙarƙashin farantin gwiwar da ba siminti: a jira ko a sake buɗewa?

Assalamu alaikum, malamai masu aikin ƙashi. Ina neman shawararku kan majinyacin da aka sauya wa gwiwa da ta ƙarfe ba tare da simintin da ke manne ta da ƙashi ba, yau wata 14.

Ɓangaren cinya ya zauna daram. Matsalar tana farantin ƙwauri, wato ƙarfen da aka ɗora a saman ƙashin ƙwauri: a hoton X-ray akwai siririn layin duhu tsakaninsa da ƙashi a gefen ciki, kusan milimita 1, wanda ba a gani ba a hoton mako 6, ya fito a na wata 6, yanzu kuma kamar ya ɗan ƙaru. Na ce "kamar" domin hotunan ba a kusurwa ɗaya aka ɗauke su ba, kuma karkatar digiri kaɗan ta isa ta ɓoye layin. Kewayen turakun farantin kuwa ƙashi ya kama, babu nutsewa. Yana jin zafi idan ya tashi tsaye, ya lafa bayan 'yan takawa. ESR da CRP, gwaje-gwajen jini masu nuna kumburi, lafiya lau.

An san faranti marar siminti yakan ɗan nutse a watannin farko kafin ya tsaya, kuma motsin farantin da ya haura maikiron 150 (milimita 0.15) tantani yake haifarwa tsakaninsa da ƙashi maimakon sabon ƙashi. Abin da ya shige mini duhu shi ne bambance tantanin da ya tsaya da sassautawar farantin da ke tafe.

Shin a sake hoton da fuloroskofi (X-ray mai nuna hoto kai tsaye), a daidaita hasken da fuskar farantin, ko a wuce hoton CT (mai nuna ƙashi yanka-yanka) mai rage walƙiyar da ƙarfe ke yi a hoto? Kuna zuƙo ruwan gaɓa ko da gwajin jini ya yi kyau? Idan jira ne, wata nawa tsakanin hotuna?