Neman shawara: wace ƙaramar kyamara zan ce ƙanena ya sayo min kafin Sallah?

Mai tambaya, daga Katsina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar hoto.

Mahaifinmu ya fi shekara 40 yana hawa a tawagar hakiminmu duk Sallah. Yanzu jiki ya fara nauyi, ya ce mana bana ko baɗi zai sauka ya bar wa yara. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk tsawon shekarun nan ba mu da hotonsa mai kyau ko ɗaya a kan doki. Bara na tsaya a Ƙofar Soro tun da hantsi. Da suka taho na ɗaga waya na ja da yatsa biyu don ya matso kusa, amma da na koma gida na duba, rawani da fuska sun haɗe kamar an shafa musu mai. Ba don kayan dokin ba, ba wanda zai ce shi ne. Hajiya ta karɓi wayar ta duba, ta miƙo min ba ta ce uffan ba.

Ƙanena yana karatu a Ingila, zai dawo cikin azumi, ya ce in zaɓi ƙaramar kyamara irin ta aljihu ya sayo min ta hannu. Ya turo min guda 3 da kuɗinmu za su iya kaiwa idan mun matsa: Canon G7 X Mark II, da Canon SX740 HS, da Panasonic TZ100. Sai kuma wata Canon IXUS 185 mai arha sosai. Na duba, dukkansu megafiksil 20 aka rubuta. To mene ne bambancin, har kuɗin ya yi nisa haka? Bayan hawa, ina so in riƙa ɗaukar Hajiya da jikokinta a ɗakinta da daddare, inda ƙwan sola ɗaya ne kawai. Allah ya saka da alheri.

Wani ɗalibi, daga Kaduna

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a ganina ka haɗa kuɗin ka canza waya kawai. Wayoyin yanzu sun kashe kasuwar ƙananan kyamarori, shi ya sa duk waɗanda aka turo maka tsofaffin fita ne. Ga shi kana ɗauka kana turawa nan take.

Mai hoton biki, daga Zariya

Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Shekarata 16 ina wannan sana'a, bari in faɗi abin da na sani.

Ƙanenmu na Kaduna ya yi gaskiya ta fuskar kasuwa. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 10 ba. Amma abin da ya same ka bara shi ne ainihin raunin waya. Yawancin wayoyi idan ka ja da yatsa ba jawo abu suke yi ba, tsakiyar hoton suke yankewa su hura shi, shi ya sa fuskar ta narke. Kyamara kuwa gilasan idonta ne ke motsawa da gaske.

Batun megafiksil, ka ajiye shi gefe. Can bayan idon kyamara akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kai, shi muke kira sensa. A G7 X da TZ100 girmansa milimita 13.2 ne da 8.8, wanda ake cewa na inci ɗaya. A SX740 da IXUS kuwa wajen milimita 6.2 ne da 4.6. Kenan na farko ya ninka na biyu sau 4 a faɗi. Ka ɗauka gona biyu ce, babba da ƙarama, kowacce an yanka ta fuloti 20. Lissafin fuloti ɗaya ne, amma kai ma ka san wanda zai fi wadata. Da rana tsaka, haske ya ishi kowa, ba za ka ga bambanci sosai ba. A ɗakin Hajiya da ƙwai ɗaya ne za ka gani: mai ƙaramin sensa za ta ba ka hoto mai yashi-yashi, ko ta harba filasha fuskoki su yi fari fat, bayan ɗaki ya yi baƙi ƙirin.

Abu na biyu shi ne buɗewar ido, lambar nan da ake rubutawa da f. Iya ƙanƙantarta iya yawan hasken da ke shiga. G7 X tana buɗewa har f/1.8, TZ100 f/2.8, SX740 f/3.3. Tsakanin 1.8 da 2.8 kaɗai hasken ya ninka sau biyu da ɗoriya.

IXUS ɗin ka cire ta daga lissafi. Ba ta da laifi a matsayinta, amma da daddare wayar da ke hannunka ma za ta iya fin ta, bidiyonta kuma 720 ne kawai, wato bai kai na sauran fitowa tar ba.

Hajiya mai ɗinki, daga Kano

Ni G7 X Mark II ce a hannuna, shekara 3 kenan. Da ita nake ɗaukar ɗinkunan da nake sawa a Instagram. A shagona ƙwai biyu ne, amma idan na ɗauki leshi ko shadda ana ganin aikin zare ɗaya bayan ɗaya, launi kuma ba ya sauyawa, mai saye ba ta zuwa ta ce ba wannan ta gani ba. Fatar mutum ma tana fitar da ita da kyau, ba ta mai da baƙi toka-toka. Ranar sunan jikata bayan magariba na ɗauki ɗaya kakar tana riƙe da jaririyar, ba filasha, hasken fitilar caji kawai, har ƙwallar da ke idonta ta fito. Shi ne hoton da muka wanke muka rataye a falo.

Amma ɗan'uwa, in gaya maka gaskiya, jawowarta ninki 4 ne da ɗan kai. Idan kana can bayan jama'a, doki zai fito ƙarami. Sannan 'yan matan TikTok sun yi mata ca, kuɗinta ya tashi ko ta hannu ce.

Mai kiwon dawaki, daga Daura

Ni ban yarda a raina SX740 ba. Malam hawa ya ce, kuma hawa da rana ake yi. Wannan kyamara ninki 40 take jawowa, daga milimita 24 har 960, kuma iya girman lambar iya nisan da take jawowa. Ina tsaye a bakin fili nake cika hoto da fuskar mahayi, har adon linzami da jalala ana gani. TZ100 a 250 ta tsaya, G7 X a 100. Wanda bai taɓa shiga turmutsutsun Sallah ba bai san yadda dogarai ke tura mutane baya ba. Abin da ba ka iya jawowa ai ba ka ɗauke shi ba, komai girman sensa.

Mai hoton biki, daga Zariya

Alhaji, maganarka dutse, amma a ƙara da wannan. Idan ka ja ta har ƙarshe idon ya tsuke zuwa f/6.9, kuma ɗan numfashin da za ka yi sai doki ya fice daga allo. Kai ka saba, hannunka ya zauna. Shi yau zai fara, kuma dama ɗaya gare shi, tawaga ba ta dawowa don mai hoto. Ga ƙura: tsakaninka da abin da ke nesa duk ƙurar kofato ce, iya nisan da ka jawo iya hazon da za ka kwaso. Sannan SX740 ba ta da 'yar tagar leƙe, allo ne kawai, kuma rana ta Katsina idan ta daki allo sai ka riƙa ɗauka da ka. TZ100 tana da tagar. Ƙarama ce, amma kana manna ido kana ganin abin da kake yi, kuma jingina kyamarar da goshi na rage rawar hannu.

Malam mai tambaya, a ina kake samun tsayawa? Tazarar za ta kai nawa?

Mai tambaya, daga Katsina

Na gode ƙwarai, yau na fahimci abin da ban taɓa sani ba. Yallabai, ba ni da nisa sosai. Saboda yaran dokin Baba sun san ni, nakan samu gaba-gaba, tazarar ba ta wuce faɗin babban titi ba, wani lokaci ninkinsa. Washegari a Hawan Bariki ma nakan tare su a hanya inda cunkoso bai yi yawa ba. Alhaji na Daura, ka sa na yi kwaɗayin ninki 40 ɗin nan, amma ɗakin Hajiya yana raina.

Mai gyaran kyamara, daga Kano

Kafin ku gama zaɓe, bari mai gyara ya sa baki, don dukkan ukun ciwonsu ɗaya ne a ƙasarmu: ƙura. Idon irin waɗannan kyamarori fitowa yake yana komawa, duk fitowa yana zuƙar iska kamar zugazugi. Yashi ƙwaya ɗaya ya shiga tsakanin zobban sai ido ya maƙale a waje, ta rubuta maka saƙon matsala ta mutu. Bayan kowace Sallah da kowane hunturu su ne suka fi cika min tebur. Kuma ba kamar manyan kyamarori ba ne da ake cire ido a goge sensa, wannan sai an kwance ta gaba ɗaya.

Don haka kada ka jefa ta aljihun riga tsirara, can ne zare da yashi suke taruwa. Ka samo 'yar jaka mai zif. A filin hawa kada ka yi ta kunnawa kana kashewa, kuma idan dawaki suka yi jahi ƙura ta turnuƙe, ka juya mata baya ka rufe ta da hannun riga. Da ka dawo gida ka hure ta da robar hura iska kafin ka sa ƙyalle, in ba haka ba yashin ne zai karce gilashin.

Shi kuma ƙanenka, tunda ta hannu ce, ga gwajin da zai yi kafin ranakun mayarwa su ƙare. Ya ja zum har ƙarshe ya dawo sau 5 ko 6 yana saurara, kada ya ji gurzawa. Ya tsuke ido zuwa f/8, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya buɗe a kwamfuta. Idan ya ga ɗigo mai duhu a wuri ɗaya cikin kowane hoto, ƙura ce a kan sensa, ya mayar. Ya haska tocila cikin idon ya duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, ƙasashe masu laima suna da ita. Ya saya a shagon da ke ba da garanti na wasu watanni, ko da ya fi tsada kaɗan.

Batir kuma dole biyu. Cajin ɗaya hoto 260 zuwa 300 yake kaiwa a lissafin kamfani, da zum da bidiyo bai kai haka. Ni kaina na taɓa sayen batir a wani shago, kwali kamar na asali, wata biyu ya kumbura har sai da na sa tsinke na zaro shi. Katin memori ma ya sayo can daga babban shago, 64GB guda biyu sun fi 128 guda ɗaya, in ɗaya ya lalace ba ka rasa komai da komai ba. Caja ba matsala, bakin soket ɗin Ingila irin namu ne mai ƙafa uku.

Wata malamar makaranta, daga Maraɗi

Ƙarin abu ɗaya. Ukun duk suna da Wi-Fi, amma ni na fi samun sauƙi da ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya. Kuma idan za ka tura wa mai wankin hoto, kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. Ka kai masa katin, ko ka tura a matsayin fayil.

Mai hoton biki, daga Zariya

To da wannan tazara da ka faɗa, ni TZ100 zan ce. A ɗaki ba ta kai G7 X ba, a nisa ba ta kai SX740 ba, amma ita kaɗai ce cikin ukun za ta yi maka aiki biyun. Ninki 10 daga faɗin titi zai cika hoto da Baba da dokinsa. A ɗakin Hajiya kada ka taɓa zum ko kaɗan, don da ka fara ja idon yake tsukewa. Ka matsa da ƙafarka, ka zaunar da ita fuskarta na kallon ƙwan, ka ce yara su natsu na ɗan lokaci.

Ranar hawa ka juya maɓallin sama zuwa S, inda kai ne ke zaɓar saurin ɗauka, ka sa 1/1000 na daƙiƙa don kada motsin doki ya ɓata hoton, ka kunna ɗauka a jere, ka danne tun kafin su iso gabanka. Ta iso hannunka cikin azumi, to kada ka bari sai ranar Sallah ka buɗe kwali. Ka tsaya bakin titi da la'asar ka yi ta gwadawa a kan masu babur har hannunka ya saba bin abu mai gudu.

Sannan Malam, hoton da za ku rataye ba lalle a Ƙofar Soro za ka same shi ba. Ka tashi da wuri ranar. Lokacin da aka gama naɗa masa rawani, aka ɗaura sirdi, ya hau a ƙofar gida kafin su tafi, rana ba ta yi zafi ba, ƙura ba ta tashi ba, ba mai ture ka. Ka tsaya taku 10 daga gare shi, rana a gefenka, ka ɗan durƙusa ka ɗauka daga ƙasa. Ka ɗauki ɗaya shi kaɗai, ɗaya da jikoki riƙe da linzami.

Mai kiwon dawaki, daga Daura

A kan hoton ƙofar gida na bi ka, Malam. Ku dai ba dokin abincinsa da wuri, kuma kada a harba masa filasha a fuska.

Mai tambaya, daga Katsina

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na tura wa ƙanena: TZ100, batir biyu, kati biyu, jaka mai zif da robar hura iska, na kuma kwafe masa gwajin da Malam mai gyara ya rubuta. Da na gaya wa Baba maganar hoton ƙofar gida, ya ce to a fito masa da tsohuwar rigar saƙin da ya fara hawa da ita, tana nan ƙasan adakar Hajiya. Gobe za a kai ta wajen masu bugu.